Allo Mai Fuska Biyu

Dagmanet, Agadas.

Zuwa ga Babana,

Bayan sallama da gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya tsare ka a hanyar Tawa, Ya tsare ka a ta Yamai, Ya kai ka Faransa lafiya ko ta sama za su bi da kai ko ta ruwa. Amin.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya ake kwashe mana, amma ga ni ina rubuto maka takarda kamar wanda yake zaune Damagaram. To, ka san halin ubanka. Kai ne ɗan fari, ga shi kuma sunan mahaifina gare ka, tun ranar da aka raɗa maka shi bakina bai taɓa furta shi ba. Babana nake cewa, shi ma sai ta kama dole. Mutumin da bai iya kiran sunan ɗansa ba, ta ina zai zaunar da shi ya ce masa na yi maka laifi? Shi ya sa na ɗauki bik, na ce bari alƙalami ya faɗa. Da Hausa kuma na rubuta, domin ɗan Faransancin da na tsinta a bariki ina iya kewaye-kewaye da shi, amma in na yi ƙarya da Hausa sai na ji ɗacinta a bakina.

Yau mako uku ke nan ƙafarka ba ta taka rumfata ba. Gaisuwar safe ba ka fasa ba, ban ce ka fasa ba, amma idonka na ƙasa, kana gamawa ka fice. Gobe bayan azahar kamyo zai tashi da kai, kuma an ce karatun nan shekara uku ne ko ma fiye. Ba na so ka hau motar nan da abin da ke cikin zuciyarka yanzu. Na manyanta, idona ya fara hazo, kuma babu wanda Allah Ya rubuta wa takardar shaida cewa zai ga bayan shekara uku.

Bari in faɗi laifin da bakina, kada ka ce na manta. Ranar da ka kawo mini zanen da ya ci maka jarrabawar tafiya, zanen plaket, wato allon da ake dasa kayan cikin radiyo a kansa, Agali maƙeri da Malam Bawa mai gishiri suna zaune rumfa ana shan shayi. Ka durƙusa ka warware takardar a gabana cike da murna, ka ce, “Baba, wannan ba zai shiga fuska ɗaya ba. Sai an ja hanyoyin jan ƙarfe gaba da baya, dubul fas ke nan. Can ma an fara yin mai hawa huɗu, biyu a waje, biyu binne a ciki.”

Ni kuwa sai na ɗaga takardar sama na ce, “Jama'a, ku zo ku gani! Mun kai yaro lakwal ya yi boko, ya dawo mana mai fuska biyu. Ku ba shi shekara uku, huɗu za ta zama.”

Agali ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Malam Bawa ya kai maganar kasuwa, kasuwa ta kawo ta unguwa, yanzu ko ƙofar masallaci ka bi sai ka ji an ce ga Fuska Biyu nan. Ni da na haife ka, ni na liƙa maka sunan munafuki a garin da aka haife ka, kai da tun kana ƙarami in ka fasa kwano kai kake zuwa ka faɗa kafin a tambaya. Na ga fuskarka a ranar. Ka karɓi takardarka ka naɗe ta a hankali, ka ce a gafarce ka, ka fita. Wallahi tun ba ka kai bakin hanya ba na so in kira ka, amma mutane na zaune.

Kowa ya ɗauka wasa ne ya zarce. Ni na san ba wasa ba ne. Wani tsohon tsoro ne ka taɓa mini ba da saninka ba, shi ne zan ba ka labarinsa, ka ɗebi abin da zai amfane ka a aikin da za ka koyo.

Ka san a barikin soja na koyi gyaran radiyo, wajen wani sajan Bafaranshe da muke kira Jan Kunne. A zamanin radiyo da lampu take aiki, ƙwayayen gilashin nan masu kama da na fitila, cikinta wayoyi ne rataye ko'ina. Daga baya aka fara kawo masu tiranzisto, su kuma kayansu a kan allo suke. Jan Kunne ya nuna mini yadda ake yin allon da hannu: ka zana hanyoyi da fenti a kan fuskar jan ƙarfe, ka tsoma cikin ruwan maganin nan mai kalar shayi, ya cinye duk inda ba fenti, ka wanke, ka huda ramuka. Wannan na iya shi sarai. Da aka sauke tutarsu zai koma gida, ya bar mini kayan aiki da alluna masu fuska ɗaya, ya kuma zaro wani guda ɗaya, faɗinsa kamar tafin hannu biyu, jan ƙarfe gaba da baya. Ya ce, “Illa, ka ajiye wannan don ranar da hanyoyi za su ƙi ba juna wuri.”

Ya fara nuna mini yadda ake daidaita zanen gaba da na baya don ramukan su haɗu. Faransancinsa da sauri yake, ga waɗansu ma'aikata biyu tsaye suna kallonmu. Ban kama ko rabin abin da ya ce ba. Ya tambaye ni, “Compris?”, wato ko na gane. Na ce, “Compris, compris,” har da gyaɗa kai. Ya dafa kafaɗata ya tafi, ban sake ganinsa ba.

Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma shi ya haifi sauran. Babana, can za ka zauna cikin 'ya'yansu, malami zai yi ta zuba da sauri, kowa na gyaɗa kai. Kai ma kanka zai so ya gyaɗu, don kada a ce baƙin nan daga hamada bai fahimta ba. Ka riƙe shi. Ka ɗaga hannu ka ce ba ka gane ba, a maimaita. In sun yi dariya, su yi, ba ta wuce minti ɗaya. Ni kunyar minti ɗaya na guje wa, ga shi shekara takwas ina ɗauke da ita.

Yanzu sai maganar Musa. Kana tuna shi, Musa ɗan Tawa, malamin dabbobi, wanda yake kawo maka dabino in ya dawo daga daji. Ba ni da amini kamarsa a garin nan. A shekarun da aka tashi haiƙan ana yi wa shanu allurar bushiya, cutar nan mai ƙarar da garke, shi ake turawa wajen Ingal da Tegidda bayan damina, lokacin da makiyaya suke taruwa don dabbobinsu su lashi gishiri. Ya zo ya same ni ya ce, “Illa, mutanen nan a warwatse suke, kafin in gama da zango ɗaya wani ya tashi. Ga shi an baza musu cewa allurar tana sa saniya ɓari. Ina so muryata ta kai musu gaba ɗaya, da Hausa da Tamashek da Fulatanci. Na roƙi biro, can ofishinmu, su ba ni ampli da oparlar, na'urar ƙara murya, sun ce sai baɗi. Ba za ka haɗa mini ɗaya ba, mai aiki da baterin mota?”

Na ce, “Wannan ai ƙaramin abu ne.”

Na zauna na zana. Kai ka sani, amma bari in faɗa yadda na gan shi a ranar. A fuska ɗaya hanya biyu ba sa gitta juna, in suka taɓa aiki ya ɓaci. In sun yi karo, sai ka tsayar da ɗaya, ka huda rami, ka ɗauko guntun waya ka tsallakar da ita ta bayan allo. Shi muke ce wa gada. Gada ɗaya, biyu, uku, ba laifi ba ne, ko radiyon kanti ka buɗe za ka same su. Ni da na gama zanen Musa na ƙirga gada goma sha bakwai. Ban tsaya nan ba. Don wuri ya ishe ni, sai na matse hanyar mas, wadda duk kuran, wato lantarkin, da ya gama aikinsa yake bi ya koma gida. Na mayar da ita siririya kamar zare, na zagaya da ita gefen allo kaf.

Allon Jan Kunne yana cikin akwati a lokacin. Na ciro shi na kwance tsumman, na juya gaba na juya baya. Zuciyata ta gaya mini ranarsa ce ta zo. Sai na ce wa kaina asara ce a ɓata abu mai daraja a kan ampli, na naɗe shi na mayar. Gaskiyar magana ita ce ban san yadda zan haɗa fuskokin ba, ina tsoron in lalata shi, a ji cewa Illa mai radiyo akwai abin da ya gagare shi.

Da muka kunna a rumfa ya yi magana, muryar Musa ta fita har matan unguwa suna leƙowa. Amma a ƙarƙashin muryar akwai wani gurnani da ba ya tsayawa. Musa ya karkata kunne ya ce, “Illa, wannan ƙugin fa?”

Na ce, “Haka suke. In ya yi zafi zai daina.”

Na san siririyar mas ɗin nan ce take kuka. Na sani sarai, amma na ɗaure masa akwatin na sa a mota.

Ka san hanyar Ingal, yadda take kaɗa mota har haƙoran mutum su riƙa haɗuwa. Kowace gada ƙafa biyu gare ta, kowace ƙafa ɗigon dalma ne kawai ya riƙe ta. Ƙafa talatin da huɗu na aika cikin wannan girgiza. Suka fara tsagewa tun a hanya, da aka isa Tegidda kuma raɓar gishiri ta shiga tsagar. Da safen da aka tara mutane da garkunansu, Musa ya ɗauki mikoro ya yi sallama, sai abin ya kwarma wata irin ƙara, shanu suka firgita suka watse, daga nan ya yi tsit. Musa ya hau saman mota ya yi ta kira da maƙogwaronsa, kwana uku, har muryar ta ƙare. Na kusa sun ji, sun kawo dabbobinsu. Na nesa suka ce ko na'urar ma ta ƙi, suka naɗe kaya suka yi gaba. Daga baya labari ya zo cewa bushiya ta shiga waɗansu daga garkunan da suka tafi. Ban ce duka a wuyana yake ba, Allah ne masani, amma ban ce kuma ba ni da kaso ba.

Shi kuwa Musa aka kira shi biro aka wanke shi tas, wai don me ya kai aikin gwamnati wajen mai gyaran kasuwa. Aka cilla shi wani ƙauye can gabas, bai jima ba ya ajiye aikin ya koma Tawa. Kafin ya tafi ya kawo akwatin ya ajiye a gabana. Muryarsa ba ta fita, sai da na matsa kusa na ji yana cewa, “Me ya same shi?”

Na buɗe. Gada shida sun ɗaga ƙafa, ana ganinsu ko ba a sa tabarau ba. Na rufe da sauri na ce, “Gishirin Tegidda ne ya cinye shi. Ko daga Faransa aka kawo shi haka zai yi.”

Ya gyaɗa kai ya ce, “Allah Ya ƙaddara. Ka yi iyakar ƙoƙarinka.” Har ya yi mini godiya, Babana. Muryarsa ba ta koma daidai ba har yau, kuma kowace Sallah sai gaisuwarsa ta iso ni. Duk garin nan labarin gishiri suka sani. Kai ma shi ka sani, ni na ba ka shi da bakina kana riƙe mini fitila.

To ga abin da na saya da tsada, kai ka karɓa kyauta. In ka gama zane, kafin ka yi murna, ka ƙirga gadojinka. In sun wuce yatsun hannu ɗaya, allon yana gaya maka fuska ɗaya ta yi masa kaɗan, ka saurare shi. Kada ka taɓa cin hanyar mas don ka sama wa wasu wuri. Ita ce ta farko da za ka ba fili, mai faɗi, kusa da kowa. In ka sami fuska ta biyu, kada ka cika ta da hanyoyi don ka ga sarari, ka bar mafi yawanta shimfiɗe ga mas, za ka ji gurnani ya kwanta. Abin da yake aiki da sauri kuwa, irin na ɗaukar tashoshin nesa, ya fi kowa son wannan shimfiɗa a ƙarƙashinsa. Sannan kafin ka ja layi ko ɗaya, ka tambaya ina abin nan za shi. Wanda zai zauna kan tabur a biro daban, wanda za a ɗaure bayan mota a bi da shi hanyar Ingal daban. Malamanka za su koya maka lissafi, amma ba su taɓa hawa hanyar Ingal ba.

Kada kuma ka ce to, tunda haka ne, a yi ta ƙara hawa. Akwai wani kuskuren nawa da ya nuna mini ɗaya gefen.

Hajiya Tabawa ta bayan masallaci, Allah Ya ji ƙanta, ɗanta ya kawo mata wata 'yar radiyo daga Aljeriya, ƙarama, ana sa ta cikin aljihu. Shi yana aiki Yamai, wani lokaci yakan aiko mata gaisuwa a filin gaishe-gaishe, ita kuwa ba ta bari filin ya wuce ta. Wata rana radiyon ta yi shiru, ta kawo mini naɗe cikin mayafi. Na buɗe na ga kaya cunkushe, ko tsinke ba ya shiga tsakani, allon kuma fuska biyu ne. Na gano abin da ya mutu, ɗan ƙaramin abu ne. Ya kamata in tsaya in wasa ƙaramin bakin fer, ƙarfen nan da muke narka dalma da shi, in bi a hankali. Ina! Na ɗauko babban fer ɗina da nake gasawa a garwashi na danna masa. Jan ƙarfen ya ɗago kamar ɓawon albasa, kuma abin da yake haɗa gaba da baya a cikin ramin ya tsinke inda ido ba ya gani. Kwana biyar ina bin hanyoyin nan, in bi ɗaya ta nutse cikin rami, in juya allo in rasa inda ta ɓullo. Radiyon ba ta sake magana ba.

A wannan karon dai na faɗi gaskiya, na ce, “Hajiya, ni na kashe ta.” Na ɗauki tawa ta gida na kai mata. Ta karɓa ba ta yi faɗa ba. Bayan mako biyu na tambaye ta ko tana jin gaisuwar, ta ce, “Ina ji, Malam Illa. Amma a waccan sunansa ya fi fita.” Har ta rasu ina jin nauyin maganar nan.

Laifin hannuna ne, ban ɗora wa kowa ba. Amma wanda ya zana allon nan bai taɓa kawowa a ransa cewa wata rana zai faɗo hannun mai fer ɗin garwashi a Agadas ba. Kai ka kawo. Duk hawan da ka ƙara, ka ƙara wa abin tsada, ka ƙara wa mai gyara wahala. Mai hawa huɗun da kake marmari, abin da aka binne a tsakiyarsa babu fer ɗin da zai kai gare shi, in ya tsinke sai a jefar. Akwai aikin da ba ya yiwuwa sai da shi, in ka iske irinsa ka yi ba tare da tsoro ba. Amma radiyon da za a kai ƙauye a saurari labarai, fuska ɗaya ta ishe ta, ko da gada biyu ko uku, kuma duk mai gyara zai sa maka albarka. Kada ka ƙara hawa don malami ya ce yaron nan gwani ne. Ka bar sarari tsakanin ƙafafu, ka rubuta alama kusa da kowane abu, ka fito da wuraren awo inda hannu zai kai. In kana zane, ka riƙa ganin ubanka da tabarau a kan hanci yana neman ta inda zai shiga.

Za ka ce ina na san zancen hawa huɗu. To, mujallar nan da ka tura ƙarƙashin tabarmarka, uwarka ce ta ɗauko mini. Kwana huɗu ina bin shafi biyu da yatsa. Abin da na tsinta shi ne bibbiyu ake ƙara hawan, sama da ƙasa su yi nauyi ɗaya, in ba haka ba allon ya lanƙwashe da zafi. Wannan na yarda da shi tun ban gama karantawa ba, don na ga ƙyauren da aka shafa wa fenti gefe ɗaya yadda rana take tanƙwara shi. Su suna maganar zafin murhun masana'anta, kai ka tuna da zafin cikin mota a watan bazara a nan.

Ba mujallar kaɗai ta ɗauko mini ba, har da zanenka. Kada ka yi mata faɗa, ni na matsa mata. Na shimfiɗa shi na ce bari in nuna wa yaron nan fuska ɗaya ta isa. Kwana uku ina juya shi, na ƙarar da fensir guda. Iyakar abin da na iya shi ne gada ashirin da biyu. Kai ne da gaskiya, zanen nan fuska biyu yake so, kuma ka ba mas filinta yadda ya kamata ba tare da kowa ya gaya maka ba. Abu ɗaya dai, kusa da kusurwar hagu ka matse ƙafafu uku wuri ɗaya, fer ɗina ba zai shiga ba, ka buɗa su kaɗan.

Sai kuma na lura da 'yan huji biyu na allura a kusurwoyin kowace takarda, ta zanen gaba da ta zanen baya, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Na ɗaga takardun biyu ga rana, na haɗa hujin, sai ga zanen gaba ya hau kan na baya daram, rami a kan rami. Na sake ɗagawa na duba. Ashe abin da Jan Kunne yake ta faɗa mini ke nan! Huji biyu na allura, Babana. Shekara takwas ina tsoron abin da ɗana ya warware da allurar uwarsa. Na yi dariya ni kaɗai a rumfa, daga baya kuma na share ido. Ban da yadda za a bi da fenti da ruwan magani kada fuska ɗaya ta lalace ana yin ɗaya, wannan har yanzu ban gane shi ba.

Ka ga ke nan wanda sunan nan ya dace da shi. Mutumin da ya nuna wa amininsa fuskar jaje alhali ya san hannunsa ne, wanda ya nuna wa gari fuskar gwani alhali akwai allo naɗe cikin akwati da yake tsoron taɓawa, shi ne mai fuska biyu a gidan nan. Da ka durƙusa gabana da takardarka kana faɗin dubul fas kamar ba komai ba, tsohon tsoron nan ne ya motsa, sai na jefe ka da abin da yake nawa. Ka yafe mini. Ban taɓa faɗa wa wani mahaluƙi wannan kalma a rubuce ba.

Yau da safe, da Agali da Malam Bawa suka zo shan shayi, na ciro akwatin Musa daga ƙarƙashin tabur na buɗe musu, na nuna musu gadojin da suka ɗaga. Na ba su labarin tun daga Jan Kunne. Na ce duk wanda bakinsa yake ƙaiƙayin faɗin Fuska Biyu, ya zo rumfa ya faɗa mini, ina nan zaune. Malam Bawa ya ce, “Haba Illa! Shekara da shekaru kana ɓata wa gishirinmu suna?” Agali bai yi dariya ba. Ya juya kofinsa ya ce shi ma da nasa laifin, zai zo ya yi maka sallama da kansa. Sunan ba zai fita bakin mutane rana ɗaya ba, na sani, amma Malam Bawa ya riga ya nufi kasuwa, kuma ka san ba ya riƙe magana.

Cikin takardar nan akwai wata ƙarama a liƙe, ta Musa ce. Motarku za ta tsaya Tawa. Ka tambayi gidan Musa malamin dabbobi, kusa da kasuwar shanu yake, ka ba shi hannu da hannu. Na rubuta masa abin da ya kamata in faɗa masa ranar da ya tambaye ni. In ya yi fushi yana da hakki, kada ka kare ni. In ya ba ka amsa, ka aiko mini ko wace iri ce.

Sauran nasiha, ta salla da abinci da sanyin ƙasarsu da irin abokan da za ka yi, uwarka ta yi maka ita har ta maimaita, kuma ta fi ni iyawa. Ka riƙa rubuto mata, ni zan karanta mata. Allah Ya buɗa maka ƙirji, Ya sa hannunka ya yi albarka, Ya haɗa ka da malamai masu haƙuri. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baƙunta, Ya tsare ka daga irin girman kan ubanka, Ya dawo mana da kai lafiya muna raye. Na yafe maka duniya da lahira, ko da yake ban san abin da ka yi mini ba.

Da na so in sa maka allon Jan Kunne cikin kaya, sai na tuna can suna da irinsa tuli. Yana nan kan tabur, na kwance tsumman, na goge shi har yana ƙyalli gaba da baya. Kamyo sai bayan azahar zai tashi. In ka ga dama, gobe da hantsi ka biyo rumfa da allurar nan, ka nuna mini daga farko, a hankali. Wannan karon in ban gane ba, zan ce ban gane ba.

Ni ne mahaifinka,
Illa mai radiyo.